Tsohon da Muka Yi wa Dariya a Shinkafi

Ina tashar Ƙaura Namoda, ina ɗaure lasifika a saman motar Zurmi, sai babban ɗan Baba Ɗanjimma ya kira ni a waya. Ya ce, "Kawu, sauke kayan nan. Baba ya cika." Na tsaya da igiya a hannu har direba ya gaji da yi mini magana. Jiya-jiya muka rabu a kan sai mun haɗu a Zurmi bayan azahar.

Kusan shekara talatin ina yi wa Baba Ɗanjimma amshi. Shi yana tsakiyar fili da malafarsa da makirufo, ni ina gefe da 'yar ganga, in ya jefo magana in cafe. Sana'arsa kwaikwayon mutane ce: tafiyar dillalin shanu, tarin mai shayi, yadda ango ke gaida surukai. Da shi muka taka gidajen biki da filayen makarantu, har gidan rediyo.

Yana da ƙa'ida guda wadda bai taɓa karyawa ba. Ba ya kwaikwayon mutum sai ya je ya nemi izininsa, in an gama zagayen wasa kuma ya koma da goro neman yafiya. Yakan ce, "Ba sata nika yi ba, aro na." Akwai wani Bafulatani a Birnin Tsaba da Baba ya iya cinikinsa tamkar shi ya haife shi. Mutumin ya ce bai yarda ba. Har Baba ya koma ga Allah, ni kaɗai na taɓa ganin wasan nan, shi ma a cikin ɗaki. In na yi mita sai ya ce, "Dariyar da mai ita bai yarda ba, ba ni son ta."

Zagayen bana gari uku ya tsara, Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ya ce daga nan zai huta. A Shinkafi, bayan la'asar, ya fito da wani sabon mutum da ba mu taɓa gwadawa ba: tsoho mai jan ƙafar hagu, baki a karkace, ya ɗauko zance ya manta ƙarshensa. Fili ya kaure da dariya, har da masu riƙe ciki. Can ya dubi jama'a, ya juyo gare ni ya ce, "Wai ina muke?" Na ce, "Makka kake, Alhaji!" na buga ganga. Ban taɓa ganin an yi masa tafi irin na ranar ba. A mota na tambaye shi ko wane ne wannan. Ya ce, "Wani tsoho na, ka san shi," ya jingina kai.

Bayan jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe masa. Nan na tuna akwai wanda ba a koma wurinsa ba, kuma ba na son Baba ya kwanta da haƙƙin kowa. Na sayi goro na koma Shinkafi. Aka nuna mini wani dattijo mai sanda, ya ce bai taɓa ganin Baba ba. Aka tura ni Badarawa wurin wani, shi kuma ƙafar dama yake ja. Na dawo kaina a ɗaure.

Ranar sadakar bakwai na shiga gaida matarsa, Inna Hajo, na tambaye ta ko ta san tsohon. Sai ta ce:

"Wane tsoho? Kwana goma shina jan ƙahwag ga cikin gida. Munka ce a tai asibiti, yac ce sai ya gama da mutanen Zurmi, sun daɗe ba su yi dariya ba. Ashe kai ma ba ka sani ba?"

Har yau na kasa warware abin. Ban sani ba ko ya ga ciwon ba zai ɓoyu ba ne ya maishe shi wasa don kada a tausaya masa, ko kuwa da gaske fili ya juye masa, ya nemi fuskar da ya sani ya tambaye ta inda yake. In na ce wasa ne, sai in tuna idanunsa. In na ce ba wasa ba ne, sai in tuna yadda ya jira tafi ya lafa kafin ya ci gaba, daidai yadda ya koya mini. Na yi kewarsa, kuma ina jin haushinsa, ina jin kunyar kaina.

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanjimma, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa farin cikin da ya sa a zukatan bayinSa ya tarar da shi a mizani. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'ya da jikoki haƙuri, Ya tsare musu bayansa. Mu kuma da muka yi dariya ranar, musamman ni da na fi kowa kusa da shi, Allah Ya yafe mana. Amin.