Wadda Za Ta Tsaya wa Bishiyar Turan

Shekara ashirin da bakwai Turan Khanum ta yi tana dafa wa malamai shayi a wata makarantar 'yan mata a Shiraz. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakala. Ba komai a ciki sai samowar, tukunyar tagullar nan da ruwa ke tafasa a cikinta tun safe har a tashi, da jerin ƙananan kofunan gilashi, da gwangwanaye bakwai da ba ta taɓa rubuta musu suna ba. Ba ta tambayar mutum abin da zai sha, fuskarsa kawai take duba. Idan malamar lissafi ta fito daga aji rai a ɓace, sai ta miƙa mata shayi mai shuɗin fure, wanda da an ɗiga masa lemun tsami yake komawa ja-ja. Shugabar makaranta shayi mai kirfa take samu, saboda sanyin ƙirji. Wadda aka yi wa rasuwa kuwa baƙin shayi zalla, don Turan ta ce mai makoki ba ya son a yi masa kwalliya a kofi.

Da ta yi ritaya harshenta bai yi ba. Agha Nasrullah, mai shagon kayan ƙamshi a kasuwa, ba ya sayen buhun ganyen shayi sai ya ƙunso kaɗan a takarda ya kawo mata. Ranar Alhamis yake zuwa, ya zauna a bakin tabarma yana jira kamar mai jiran hukuncin alƙali. Ita kuwa ba ta sauri. Takan zuba ganyen a tafin hannu ta hura masa numfashi ta shinshina. Bayan ta dafa ta ɗaga kofin ta dubi launinsa a rana. Kurɓin farko ba ta sa sukari a baki, kuma ba ta cewa komai sai shayin ya fara hucewa, don a cewarta da zafi kowane shayi mutumin kirki ne.

Maganarta a kan shayi kamar maganar mutane take. Ta taɓa cewa a kan wani shayi mai furen wardi, "Wannan tun daga ƙofa yake rangaɗa sallama, amma in ya zauna ba shi da labari." Shayi mai furen yasmin kuwa ta ce baƙuwa ce mai kunya, sai a kofi na biyu take buɗe baki. Wani mai za'afaran da Agha Nasrullah yake ji da shi, kurɓi ɗaya ta yi ta ajiye.

"Agha, wannan kusa da sabulu ya kwana."

"Haba Khanum! Daga hannun dillali ya zo nan kai tsaye."

"To ka tambayi dillalin da wa ya haɗa shi ɗaki."

Ya je ya tambaya. Mako uku buhun ya yi a sito ɗaya da katan-katan na sabulu.

Wannan harshen ne ya raba ta da Ishrat, maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri da labari. Ranar da dangin wani saurayi suka zo neman auren 'yar Ishrat, an gayyaci Turan ta zauna cikin manya. Aka kawo shayi, ɗaki ya cika da ƙamshin furen lemon da suke kira naranj. Uwar saurayin, da yake ta san sunan da Turan ta yi, ta juyo ta ce, "Khanum, yaya kika ji shayin gidan nan?"

Turan ta ce, "Ganyen mai kyau ne."

"Furen fa?"

Da za ta iya yin murmushi ta wuce. Amma sai ta ji bakinta yana cewa, "Ba fure a ciki. Turaren kwalba ne."

An yi auren lafiya, har yarinyar ta haifi biyu. Amma shekara shida ke nan Ishrat ba ta taka gidan Turan ba. In sun haɗu a lungu sai a yi gaisuwar da ba ta kai ciki ba, kowa ta gyara mayafinta ta wuce.

Shayin da Turan take sha da kanta ɗaya ne. A tsakar gidansu akwai bishiyar naranj, lemon nan mai ɗaci, wadda ta girmi Turan, don a gidan aka haife ta kuma ta taso ta tarar da ita. Kowace bazara takan shimfiɗa zanin gado a gindinta. Ba ta tsinkar fure, sai wanda ya faɗo da kansa. Ta kwashe da safe, ta shanya a inuwar ɗaki, ta gauraya da baƙin ganyen shayin arewacin ƙasar a gwangwani, ta rufe kwana arba'in. Haka mahaifiyarta take yi. Marigayi mijinta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana raba wasiƙu, yakan ce ko ido rufe aka shigo da shi ya san ya iso gida.

Sai ga shi bazara biyu a jere bishiyar ba ta yi fure ba. Ganyenta ya yi rawaya, Turan ta shimfiɗa zani ta naɗe shi ba ko ƙwaya. Ɗanta Bijan, wanda ke zaune da ita shi da matarsa, ya sayi mota, kuma lungun ya yi mata ƙunci. Shi ne dama ya sa aka malale tsakar gidan da siminti da tayil har gindin bishiyar, don kada uwarsa ta zame a caɓi.

"Mama, itacen nan ya gama aikinsa," in ji shi. "In aka sare shi aka faɗaɗa ƙofa, motar za ta shigo ta kwana cikin mutunci."

"Ni ma na gama aikina. Ka haɗa mu ka sare."

"Kin ga irin maganarki ko? To na ji. Mu ga bazarar nan. In ba ta yi fure ba, ranar da aka shiga zafi zan kira mai zarto, kuma kada ki ce ban gaya miki ba."

Saura mako biyu sabuwar shekararsu, wadda ke kamawa a farkon bazara, matan lungun suka ce abu ɗaya ya rage, a yi wa bishiyar aure. Al'adar sananniya ce. Mai gida za ta ɗauki zarto ta ce za ta sare, wata maƙwabciya ta riƙe hannunta ta ce ta tsaya wa bishiyar, sannan a lulluɓe bishiyar kamar amarya a yi mata guɗa, ko ta ji kunya ta haihu. Sai dai tsofaffin lungun sun dage cewa ba kowa ke tsayawa ba, sai wadda reshen bishiyar ya tsallaka gidanta. Gida ɗaya ne kuwa haka.

Kwana uku Turan tana saƙa da warwara. Rana ta huɗu da hantsi ta ɗauki mayafinta ta yi taku goma sha biyun da ke tsakanin ƙofarta da ta Ishrat.

Ishrat ta buɗe, ta dube ta sama da ƙasa. "Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Bishiya ce ke shirin mutuwa."

"Na ji labari. Shigo, kada mutane su ce na bar tsohuwa a tsaye."

"Wata huɗu kawai na ba ki, Ishrat."

"Wata huɗu ai ba kwana huɗu ba ne, Yaya."

Suka zauna. Turan ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kallon zaren darduma. Ishrat ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe, sannan ta fito da tire da kofi ɗaya tak ta ajiye a gaban baƙuwarta.

"Sha ki gaya mini. Yau ba surukai, faɗi duk abin da ke bakinki."

Turan ta gane ramuwa ce, ta kuma ƙudura a ranta ko ruwan wanki ne za ta yaba. Ta ɗaga kofin. Launinsa ja mai duhu, ƙamshinsa bai taso ya tare ta ba, sai da ta kai hanci. Ta kurɓa ta riƙe a baki. Da farko ɗacin ganye, sannan wani sanyi mai zaƙi-zaƙi ya biyo baya, can ƙarshe kuma, a maƙogwaro, ɗan ɗaci siriri kamar na ɓawon lemo ɗanye. Ta san wannan ɗacin. Ta sha furen gidaje da yawa a garin nan, ba ta taɓa samun sa ba sai a bishiya ɗaya. Ta sake kurɓa.

"Ina kika samo furen nan?"

"Na kwalba ne," in ji Ishrat, tana gyara zama.

"Ki ji tsoron Allah. Wannan furen bishiyata ne."

"Bishiyarki? Reshen da ya shigo gidana nawa ne, ki tambayi kowa."

"Yaushe ya yi?"

"Bara. Da bara waccan. Can bayan ɗakina na sama, inda ba kya gani, tunda gwiwarki ta hana ki hawa soro. Ni kuma a jikin katangar nan nake zubar da ruwan wankin shinkafa kullum. Ku kun sa mata takalmin siminti kun ce ta yi rawa."

Turan ta sake duban kofin. A watan fure duk Shiraz ƙamshi ɗaya take, ba yadda za a yi hanci ya gaya mata daga bayan katangarta yake fitowa.

"Shekara biyu kina shan bishiyata, ina kuka, ba ki gaya mini ba."

"Shekara shida ina jiran kalma ɗaya, ba ki gaya mini ba."

Turan ta juya kofin a hannunta. Ta ce, "Ranar nan da na yi shiru ya fi. Ki yafe mini."

Ishrat ta share hanci da bakin mayafi. "To. Yanzu faɗi gaskiya, yaya shayin?"

"Furen ba shi da laifi. Amma a rana kika shanya shi, rabin ƙamshin ya gudu."

"Tashi ki fita mini daga gida!" in ji Ishrat, amma dariya take yi, kuma ta riga ta miƙa hannu tana ƙara mata wani.

Ranar Laraba da la'asar mata suka cika tsakar gidan. Matar Bijan ta kawo farin mayafin aurenta da tiren alawa, aka kunna turaren wuta. Bijan ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana murmushin wanda ya yi karatu. Turan ta ɗauki zarto ta nufi bishiyar.

"Ke marar kunya!" ta ce da ƙarfi. "Shekara biyu kina cin ƙasata kina shan ruwana, ko fure ɗaya. Yau sai na mai da ke itacen wuta!"

Ta ɗora zarton a jikin bishiyar ta jira a riƙe ta. Shiru. Ta waiga, sai ga Ishrat zaune tana ɓare alawa a natse.

Turan ta ƙara murya. "Na ce yau sai na sare ta!"

"Muna ji, Yaya. Sare mana mu gani."

Mata suka fashe da dariya. Dole Turan ta ja zarton sau ɗaya, ɓawo ya ɗan karce, zuciyarta ta karce tare da shi. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Ishrat, don girman Allah, hannuna ya gaji."

Sannan Ishrat ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta zo ta kama wuyan hannunta. "Ajiye, Turan Khanum. Ni na tsaya mata. In ba ta yi fure bana ba, ki zo ki kama ni."

Guɗa ta tashi. Aka yafa wa bishiyar mayafi, aka watsa mata alawa, aka yi waƙoƙin kai amarya. Ana cikin haka Ishrat ta ratsa mata ta je ta tsaya a gaban Bijan.

"Kai, ɗan nan. Na goya ka, don haka buɗe kunnenka. Wadda ta tsaya wa amarya ita ke da magana a kanta. Gobe ka nemo diga ka fasa tayil ɗin nan, taku biyu kowane gefe."

"Inna Ishrat, kin san nawa na..."

"Ban tambaye ka ba. Zo mu hau sorona."

Ta ja shi har bayan ɗakinta na sama. Reshen yana nan kore shar, ya fara fitar da 'yan ƙananan tsiro farare kamar ƙwayar shinkafa. Bijan ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauko. Washegari Alhamis, Agha Nasrullah ya zo da ƙunshin ganyensa ya tarar da Bijan yana fasa siminti, gumi har gira, Turan kuma na zaune kan kujera tana nuna masa inda zai kiyaye saiwa.

A wata na biyu na bazara bishiyar ta yi fure. Ba da yawa ba, rassa uku ne na ƙasa, abin da Turan ta tara duka bai wuce cikin tafi biyu ba. Amma fure ne, kuma Bijan da bakinsa ya ce fure. Ba a kira mai zarto ba. Bijan ya samu wani fili a bakin titi yana ajiye motar, yana tafiyar minti biyar zuwa gida yana mita.

Yanzu Turan ta haura saba'in. Har yau Agha Nasrullah yana zuwa, sai dai yakan tarar da alƙalai biyu, ɗaya ta san shayi, ɗaya kuma ba ta yarda an fi ta sani ba. Ishrat tana kawo nata furen ta shanya a inuwar ɗakin Turan, a zani daban, don kada a gauraya. Wanda ya faɗa tsakar gidan Turan na Turan ne, wanda ya faɗa na Ishrat na Ishrat ne. Wanda ya sauka a kan katanga kuwa, bazara huɗu ke nan ba su daidaita ba.