Hanyar da Na Nemo wa Yaya

Ni da Yaya mun daɗe muna hawa babur ba don zuwa ko'ina ba. A Wurno wannan abu ne da ba ya shiga kan mutane. Babur na kai buhun albasa kasuwa ne, ko kai mai ciki asibiti, ko zuwa gaisuwar rasuwa. Amma a ce dattawa biyu, ɗaya malamin makaranta, ɗaya tsohon malamin gona, su tashi ranar Asabar da hantsi su ƙone mai su dawo hannu rabbana, in an tambaye su ina suka je su ce yawo, to sai a dube su da tausayi. Matata ta daina tambaya tuntuni. Abin da kawai take roƙo shi ne in na dawo in kakkaɓe wandona a waje.

Yaya wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne malamin gonar, kuma shi ya koya mini tuƙi tun ƙafata ba ta gama kai ƙasa ba. Shi ya shafa mini ciwon son kwana. Titin kwalta da ya miƙe ba ya burge shi ko kaɗan, yana cewa wannan ko buhun gero aka ɗaure a kan babur zai kai kansa. Abin da yake so shi ne hanya mai lanƙwasa, wadda za ka kwantar da babur hagu, kafin ka miƙe ta sake jan ka dama, ba ka san abin da ke jiran ka bayan kwanar ba, ko gonar alkama ko garken shanu. Ni ma haka na taso, kuma har yau ban san daɗin da ya kai wannan ba.

Wahalar ita ce samun irin wannan hanya. Taswirar cikin waya ba ta san da su ba, da ka sauka daga kwalta sai ta nuna ka a tsakiyar fili kamar wanda ya faɗo daga sama. Tambaya kuwa ɓata yawu ce, don mutanenmu ba su iya nuna wa baƙo doguwar hanya ba, a wurinsu cuta ce. Na tuna wata rana a Tursa na tsaya gaban wani dattijo mai sayar da rake.

Na ce, "Baba, wace hanya ta hi kwane-kwane daga nan zuwa Rabah?"

Ya nuna da wuƙarsa. "Ka bi wagga. Miƙaƙƙa ta, ba ka ɓata."

"Ai mai kwanan nika so."

"Mi za ka yi da ita? Wani kaka nema?"

"Ba kowa, Baba. Daɗin tuƙi dai."

Ya dube ni, ya dubi Yaya ko shi zai fi ni hankali. Daga nan ya tashi ya bar rakensa, ya taka har bakin miƙaƙƙiyar hanyar, ya tsaya yana kallo sai da ya ga mun hau ta. Kunya ta hana mu juyawa. Haka muka tafi Rabah a miƙe, Yaya na dariya har babur ɗinsa na rawa, ni kuwa raina a ɓace.

Yaya yana da tasa dabarar, ko da yake shi bai ɗauke ta dabara ba. A ƙasarmu mai babur ba ya wuce mai tafiya a ƙasa, balle dattijo, bai tsaya ya rage masa hanya ba. Kowa ya san haka, amma yawancinmu muna yi ne in mun ga dama. Yaya bai taɓa wuce kowa ba. Kuma ashe masu tafiya a ƙasa su ke riƙe da hanyoyin da muke nema, don ƙafa ba ta taka shukar mutum, sai ta zagaye. Ta zagaye fangalin tafarnuwa, ta zagaye tafki, ta bi gefen kanal ɗin ban ruwa har inda aka aza gada, ta dawo. Duk wanda Yaya ya ɗauka sai ya riƙa taɓa masa kafaɗa, nan hagu, nan dama, har ƙofar gidansa. Mu kuma mun samu sabuwar hanya.

Ta haka wani dattijon Bafulatani ya bi da mu wani burtali a wajen Rimawa, hanyar shanu mai murɗewa tsakanin gonaki, har muka hau wani tudu muka hango ruwan dam ɗin Goronyo shimfiɗe yana ƙyalli. Ta haka wata tsohuwa mai tallan daddawa ta nuna mana wata hanya cikin itatuwan giginya da muka yi ta komawa. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi yanzu ba ma bin su saboda rashin tsaro, Allah ya kawo mana sauƙi, amma ina iya rufe ido in bi su kwana bayan kwana. Ba zan ce ban riƙa ƙunƙuni ba. Kai ka fito ka kwantar da babur, ga wanka can baya yana tafiyar hawainiya da wata inna da damin itacenta. In na yi magana sai ya ce, "Ƙane, kujerab baya ba tau ta ba, ta mutane ta."

Sai idonsa ya fara yin yana, gani na raguwa. Da farko ya ɓoye. Mun gane ne ranar da ya kusa shiga ƙarƙashin wata motar albasa da ta tsaya a gefen titi, da rana tsaka, Allah ne kawai ya tsare. 'Ya'yansa suka karɓe makulli, kuma ban ga laifinsu ba. An yi masa aiki a birni, ido ɗaya ya ɗan washe, ɗayan ya ƙi. Ya koma zaman ƙofar gida. Mutumin da ba a rasa shi da tsokana ya zama sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya amsa. Ranar Asabar in na wuce da babur sai in kashe shi in tura har in bar layinsu, don kar ya ji ƙararsa. Abin ya dame ni ƙwarai, har ni ma yawon ya fita raina.

Na je na samu babban ɗansa na ce masa wannan zama zai kashe uban nasu kafin ciwon ido ya yi masa komai. Yaron kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe.

Ya ce, "Baffa, ba mugunta ta sa munka hana shi ba. Motoci muka tsoro. In kas samu hanyad da mota ba ta shiga, kana gaba shina biye, kuma ba shi ɗaukar kowa, ga makulli."

Na ce na ji. Ban gaya wa Yaya ba tukuna, don ban san ko akwai irin wannan hanya ba. Ai ba a tsakiyar daji za ta fara ba, dole ta tashi daga bayan gari, kar ta taɓa kwalta ko da taku ɗaya, kar ta yi rairayi mai zurfi, kuma ta kasance mai kwana, in ba haka ba Yaya zai ce na mai da shi buhun gero.

Na yi ta fita ni kaɗai. Na gwada hanyoyin da muka sani, kowace da aibinta. Wannan tana ratsa titi, waccan motocin ɗaukar shinkafa sun gano ta sun farfasa. Da na gaji sai na koma ga hanyar Yaya, na riƙa tsayawa ga duk wanda na gani a ƙasa. Na kai mutane gonaki, na kai wata tsohuwa gidan suna, na kai wani mutum inda akuyarsa ta ɓata muka tsaya nema tare. Daga ƙarshe wani masunci da komar kamun kifi a kafaɗa, da na ɗauka a bayan gari, ya taɓa mini kafaɗa a inda ban taɓa lura akwai hanya ba. Muka gangara fadama. Farkonta akwai wata 'yar gada ta katako da ko amalanke ba ta iya hawa, balle mota. Bayan gadar hanyar ta bi kan gaɓar da ta raba gonakin shinkafa, ƙasa mai tauri, tana lanƙwasa tana sake lanƙwasa, ta shiga inuwar mangwaro, ta fito, ta nufi wajen Magarya. Da na sauke shi sai da na yi masa godiya har ya fara zargin hankalina.

Na koma na bi ta ni kaɗai har na haddace ta, na cire wani kututture da ke bakin wata kwana. Sannan na je wa Yaya da labari. Sai ya tashi ya shiga gida, na jiyo shi yana tambayar inda aka ajiye takalminsa.

Ranar da muka fita na sa jar hula don ya riƙa hango ni. Lokacin rani ne, shinkafa ta yi kore shar, iska na kaɗawa daga gulbi. Ina gaba ina duban sa a madubi. Kwanar farko ya shiga ta da tsoro, ƙafa a ƙasa. Ta biyu ya ɗage ƙafar. Kafin mu kai mangwaron na ga ya fara kwantar da babur yadda ya saba, babbar rigarsa ta cika da iska, har yana yi mini oda wai in ƙara wuta. Wallahi daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar da na sayi babur ɗina na farko.

Bayan mangwaron muka wuce wani dattijo da fartanya a kafaɗa yana ɗingishi a gefen hanya. Ni ban tsaya ba, don in na tsaya jar hular da yake bi ta tsaya, kuma na ɗauka Yaya zai ja burki yadda ya saba, sai in koma in ɗauki mutumin a nawa. A madubi na ga dattijon ya ɗaga hannu. Na ga Yaya ya wuce shi, kusa da kusa, ko kansa bai juya ba.

Muka tsaya gindin wata tsamiya kusa da Magarya muka sha ruwa. Yaya sai fara'a yake, yana lissafa mini kwanonin da suka fi yi masa daɗi, yana cewa a ta kusa da gadar na shiga kamar ɗan koyo. Can ya ce, "Amma hanyag ga ba mutane? Tun da munka taso ban ga ko mutum guda a ƙasa ba."

Na so in ce haka ne, amma ban taɓa iya yi masa ƙarya ba.

"Akwai wani tsoho bayan mangwaro, Yaya. Ya ɗaga maka hannu."

"Nesa da hanya?"

"A'a. Bakin hanya."

Ya daɗe yana juya gorar ruwa a hannunsa. Sannan ya ce, "Tahi ka ɗauko shi. Ka ce mishi shi yi haƙuri, ban gane shi ba."

Na koma na ɗauki dattijon na kai shi gonarsa, na isar da saƙon. Ya ce ba komai, shi har ya manta. Da na dawo na tarar da Yaya tsaye kusa da babur ɗinsa yana goge madubi da hannun riga. Ya ce mu koma gida ta inda muka zo, kuma kar in yi sauri, yana so ya ji kowace kwana. Haka muka yi. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, kuma bai yi mini oda ko sau ɗaya ba. Da muka isa ya kira ɗansa ya miƙa masa makulli da hannunsa, ya ce hanyar tana da kyau, Baffansu ya yi ƙoƙari.

Na ɗauka yawonmu ya ƙare ke nan. Asabar ta gaba ina cikin tura babur a layinsu sai na ji ya kira ni daga ƙofar gida, takalmi a ƙafa, wai wane irin rashin kunya ne ƙane ya wuce wansa a ƙasa. Tun daga nan a bayana yake zama. Yana jin kwana tun kafin mu shige ta, yana kwantawa tare da ni, yana kushe tuƙina daga gada har tsamiya. Tsokanarsa ta dawo, har ta fi da. Abu ɗaya ne ya ɗora mini, in na hango mai tafiya a ƙasa dole in faɗa masa. In na faɗa sai ya ce tsaya. Ya sauka, ya laluba inuwa ya zauna, ya ce wa mutumin, "Hau, Malam, ƙanena shi kai ka. Ni ba inda za ni."