Ciyayyar Inna da Ƙawarta Rabi

A azumin 1985, shekarar da kogin Yamai ya ƙafe har yara suna tsallaka shi da ƙafa, na tsaya da la'asar sakaliya a ƙofar wani gida mai ƙyauren ƙarfe a unguwarmu ta Kalley, da langar tuwo a kaina. Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba. Ƙasa ta ɗau zafi, takalmin robana ya tsinke na ɗaure shi da tsumma, miyar kuka tana tsiyayowa ta gefen murfi tana bin wuyana. A gindin katangar gidan mutane ne zaune a jere, mata da tsofaffin da fari ya koro daga arewa, kowa da ƙwaryarsa, suna jiran sadakar buɗe baki. Na ƙwanƙwasa. Wani sabon mai gadi da ban taɓa gani ba ya leƙo, ya ƙare mini kallo tun daga sama har ƙasa, ya nuna mini ƙarshen layin da leɓe. Kai! Na ce, "Malam, ni ba bara na zo ba. Ciyayya na kawo wa Inna Rabi." Ya ce nan gidan babu wata Inna Rabi, sai Hajiya. Sai da Ramu, 'yar gidan, ta jiyo hayaniyata ta zo ta ja hannuna, sannan na shiga ina huci.

Ga wanda bai tashi a irin gidajenmu ba, ciyayya musayar abinci ce tsakanin gida biyu masu ƙaunar juna. Kin sauke tukunya, ki zuba ki aika, ita kuma ta juye, ta zuba nata a kwanonki ta maido. Ba a duba abin da aka aiko, ko gaya ne, amma ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Innata da Rabi sun fara tasu tun kafin a haife ni, a gidan hayar da muka zauna tare, gidan ƙasa mai ɗakuna a jere da bishiyar bedi, wato dogon yaro, a tsakar gida. Mahaifina tela ne daga Damagaram. Mijin Rabi, Malam Idi, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Tawa, motar ma ba tasa ba. Murhun Inna da na Rabi ba su fi taku kaɗan tsakani ba, kowace tana ganin abin da 'yar'uwarta ta jefa a tukunya, amma duk da haka sai an zuba a langa, an rufe, an ba ni ko Ramu mun kai da sallama. Inna takan buɗe ta ce, "Rabi, yau ma albasar garinku ce ta cinye miyar?" Ita kuma ta ce gara albasa da barkonon Damagarawa mai sa baƙo kuka.

Ni da Ramu kuwa tare muka yi komai. Tare muke bin layin famfo da sassafe mu yi faɗa da 'yan garuwa, tare muke surfe, ita ta ɗaga taɓarya ni na sauke. Idan an aike mu kasuwar Piti Marshe sayen daddawa, sai mun tsaya wajen matan Zabarmawa masu kwaɗon zogale mun yi ta gaisuwa har a ɗan zuba mana a hannu. A lakwal, makarantar boko, benci ɗaya muke, tsumman goge allo ɗaya, kuma idan mushe, malaminmu, ya zane ɗaya sai ɗayar ta riga ta kuka. Da yamma mu yi carafke a gindin bedi da duwatsun da muka ɓoye a bayan randa, in wata ya fito mu shiga gaɗa. Ni ce mai baki, ita ce mai haƙuri. Duk tsokanar da na jawo a unguwa, Ramu ce ke zuwa ba da haƙuri.

Abin ya fara karkata ne daga gobarar babbar kasuwa. Rumfar Baba ta ƙone da yadukan mutane a ciki, kan keken ɗinki kaɗai ya tsira da shi. Ya dawo yana ɗinki a zaure, sai kuma damuna ta ƙi, ta sake ƙi. Wanda bai ci ba ina zai tuna da sabuwar riga? Baba ya koma facin tsofaffin wanduna, wata rana ma ya yini yana kaɗa ƙuda. Shi kuwa Malam Idi, farin nan ne ya buɗe masa ƙofa. Ya samu shiga cikin masu jigilar hatsin taimako zuwa arewa, kafin ka ce me ya sayi motar kansa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku. Mutane sun yi ta ƙus-ƙus, amma lokacin soja ne, ko a ɗakinsa Baba rage murya yake in zai yi zancen hatsi. Ni ban ga komai da idona ba, kuma ba zan ɗora wa mamaci abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne shi da Rabi sun je Makka, sun dawo sun tashi daga gidanmu zuwa gidan siminti a bayan layinmu, mai wutar lantarki da famfo a ciki.

Ranar da za su tashi, Rabi ta riƙe hannun Inna tana hawaye ta ce, "Ƙawa, ciyayyarmu dai tana nan." Inna ta ce, "Sai mutuwa."

To, a nan wahalata ta fara, don ni ce mai kaiwa. Mu abin da muke samu jar dawar taimako ce, wadda Inna ke bin layi tun asuba ta karɓo, sojoji na tsaye da dorina suna daidaita mutane. Dawar nan ko an surfe ta sau nawa, tuwonta ja yake fitowa, ga wani wari na daɗewa a buhu. Shi nake ɗauka in kai gidan da ake soya nama har ƙamshi ya tare ni a bakin titi. In na shiga, Rabi ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi Inna, ta juye, ta cika langar da shinkafa da miya ja wur, da tsoka a sama. Ina komowa ƙannena biyu suna bakin zaure suna leƙen hanya. Ba zan yi ƙarya ba, shinkafar nan ita ce abincinmu na gaske. Ƙaramin, Sani, wanda gashinsa ya fara yin ja cikinsa ya yi tulu, ba ya iya haɗiye tuwon dawar, sai ita.

Amma Inna ta ƙi yarda a ce ita ce ke karɓa kawai. Duk ɗan abin kirkin da ya shigo gidanmu, langar Rabi yake tafiya. In an samu ɗan mai, a kan miyarta za a tsiyaye. In Baba ya kawo busasshen kifi guda, Inna ta ɓare shi ta jera a na Rabi, mu a bar mu da ƙamshi. Sannu a hankali kwanonin jerenta na aure suka fara raguwa a bango, yau babu wannan, jibi babu wancan, duk don a sayi man da za a aika gidan da mai yake a jarka. Ni abin ya ishe ni. Wata rana na tsaya a kanta tana zubawa na ce, "Haba Inna! Su fa ba sa bukata. Mu ne ke jin yunwa." Ta ɗago ta dube ni, ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ce, "Shatu, ranar da na daina aikawa, me zan zama a gidan Rabi?" Ban gane ba, na ɗauki langa na fita ina ƙunƙuni. Baba ma ya yi magana ya gaji, ya ce da ita wannan ai ɗora wa kai ne, ta yi kamar ba da ita yake ba.

Ni da Ramu ma abin ya fara shiga tsakaninmu ba tare da kowa ya yi wa kowa laifi ba. Ta fara zuwa lakwal da burodi da sardin a jaka, ta raba biyu ta miƙo mini babban. Da farko ina karɓa, daga baya na ga idon 'yan aji a kaina, sai in ce na ƙoshi alhali cikina na kuka. In na je gidansu ta ja ni ɗaki mu kalli talabijin, sai in kasa zama, in zauna a bakin kujera, in miƙe, in koma ƙasa, ina duban sawun ƙafata a kan daɓensu mai sheƙi. Ta ce mu yi carafke, muka nemi duwatsu a tsakar gidan nan kaf babu ko ɗaya, an shafe ko'ina da siminti.

Ranar da mai gadi ya nuna mini layin sadaka, Ramu ta gaya wa uwarta. Rabi ta yi wa mutumin tatas a gabana. Sannan ta buɗe langar, ta daɗe tana kallon jan tuwon da ɗan kifin da aka jera a kai, ta dubi wuyana, ta dubi takalmina.

Washegari da hantsi sai ga ta a gidanmu, da yaro a bayanta ɗauke da buhun shinkafa da galan na mai. Matan gida suka fito suna ta barka da zuwa. Ta shiga ɗakin Inna ta zauna a tabarma kamar da, ni ina tankaɗe a bakin ƙofa ina jin komai. Idonta ya kai kan bangon da jere ya yi giɓi, ya kai kan Sani da ke kwance. Ta ce, "Ƙawa, don girman Allah ki daina wahalar da kanki. Kar ki ƙara aiko da komai. Shatu ta riƙa zuwa da kwano kawai, ni zan zuba. Ni da ke ai ba ma haka." Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa. Na saki rariya ina jiran Inna ta tashi da faɗa, don na san halinta, ni ma a wajenta na gado. Na tabbata buhun nan zai koma inda ya fito.

Inna ta juya ta dubi Sani, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyara zama, ta sunkuyar da kai, ta ce, "An gode, Hajiya. Allah ya ƙara arziki, Allah ya saka da alheri." Tunda nake ban taɓa jin ta kira ta da wannan suna ba. Rabi ta yi dariya ta ce, "Ke kuma yau wace Hajiya?" Inna ba ta yi dariya ba. Da Rabi za ta tafi, Inna ta raka ta har zaure, ta rusuna ta yi mata sallama yadda ake yi wa manya.

Da la'asar Inna ta wanke langar, ta goge ta, ta rufe, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na ɗora a ka. Ashe kwanon da ba komai a ciki ba ya zama lafiya a kan mutum. Kowane taku murfin sai ya yi ƙara, ƙwal, ƙwal, tun daga zaurenmu har bayan layi, na ɗauka duk Kalley sun ji. Na sa hannu na danne, na sauke na rungume, na yi sauri, na rage sauri, ban sami yadda zan riƙe shi ba. Mai gadi ya buɗe mini tun kafin in ƙwanƙwasa. Na komo da shinkafa har tana ɗaga murfi, muka ci muka ƙoshi, Inna ta ce ita kunu ya ishe ta.

Sani ya tashi. Yau ga shi nan da 'ya'yansa, ƙato, har tumbi ya ajiye. Shinkafar Rabi ce ta raya shi, wannan ba na musu, kuma ba ta taɓa yi mana gori ba ko da wasa. Amma daga ranar babu sauran zancen albasa da barkono. In sun haɗu a wajen suna ko biki, Rabi ta jawo ta kusa, Inna ta zame ta zauna a ƙasa. Bayan 'yan shekaru su Rabi suka gina gida a unguwar Koira Kano, can inda ƙafar yarinya ba ta kaiwa, aka mayar da Ramu makarantar kuɗi, sai dai direba ya kawo mana buhu in azumi ya zo. Da Inna ta rasu, Rabi ta zo gaisuwa tana dogara sanda. Ta kama hannuna tana kuka ta ce, "Shatu, gaya mini gaskiya, me na yi wa ƙawata? Har ta mutu ba ta sake kiran sunana ba." Me zan ce da matar da ta ciyar da mu?

Yanzu Yamai ta yi faɗi, katangu sun yi tsawo har da waya a kai, kuma masu shi da marasa shi ba sa ma zama layi ɗaya balle hayaƙin murhunsu ya haɗu. A da ko banza mun fara daga tsakar gida ɗaya, mun san sunan juna kafin a rabu. Na yi aikin koyarwa na yi ritaya, Alhamdulillahi tukunyata ba ta kwana a kife. Kusa da ni akwai wani kango da wata mata ke zaune da 'ya'yanta suna gadinsa, muna gaisawa ta kan katanga, tana tsokanata ina ramawa, Shatu take ce mini kai tsaye. Na san akwai ranakun da ba ta hura wuta. Sau da yawa nakan zuba abinci in rufe, in kai bakin ƙofa, in tsaya, in dawo, in sake fita. Wani lokaci in aika, wani lokaci in kasa. Na tsufa ban koyi yadda ake ciyar da mutum ba tare da an rasa shi ba.