Ƙanƙarar Agusta

Muna idar da sallar asuba muka ja akwatuna daga gidanmu na unguwar Gorton, ni da 'yata mai shekara sha huɗu. Bas muka hau zuwa Birmingham don jirgin can ya fi araha. Ta ƙi yarda a sa takalmanta na zamiya a ƙasan mota, a cinya ta rungume su har muka isa.

Shekara biyu ta yi tana koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara ta cikin ɗaki, da ƙungiyar matasan unguwarmu. Ana gab da kai su tsaunukan Alps gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kansil ta rufe ƙungiyar, ni ma aka rage mini ranakun aiki. Ranar da ta dawo tana kuka na yi mata alkawari ni zan kai ta da kaina.

Farashin hunturu ya fi ƙarfina, na Agusta kuwa kamar kyauta. Na kira wani abokina injiniya a Birmingham da ya taɓa zuwa wurin, na ce, "Alhaji, akwai ƙanƙara a Agusta kuwa?" Ya ce, "Akwai mana, Malam! Ai har gilashin motar haya ta fasa mini." Ban ƙara tambayar komai ba na kashe waya.

Da jirgi ya sauke mu, motar da muka hau ta yi ta murɗa hanya tana hawa har kunnena ya toshe. 'Yata ta manna goshi a taga tana jiran fari ya bayyana. Kore dai, kore dai. Da muka sauka sai ga ciyawa shar, ga shanu da ƙararrawa a wuya suna kiwo a kan hanyar da ake zamiya. Ni da na tashi a gefen Mambila, wai na tsallako ƙasashe in kalli saniya.

Garin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Masu kekuna suna gangarowa da gudu, tsofaffi na yawo da sanduna bibbiyu, ga tafki ana iyo. Abincinsu cuku ne narkakke da burodi, safe da rana, shayinsu kuwa don tsada sai ka duba kofin ko da zinariya a ciki. Na nuna mata duk wannan da muryar ɗan talla.

Rana ta biyu muka shiga akwatin gilashin da ke tafiya a jikin waya zuwa ƙololuwa, ko a dace. Duwatsu ne tsirara. Muna tsaye hadari ya haɗu, sai ga ƙanƙara tana zubowa ƙwal-ƙwal kamar tsakuwa, irin wadda ke lalata mana dawa da damina. A nan na gane wace ƙanƙara abokina yake nufi. 'Yata ta tsinci guda uku ta zuba mini a tafin hannu.

"Abba, ga ƙanƙararka," ta ce, da 'yar Hausarta da ba ta cika yi ba.

Na so in ɗora wa abokina laifi, amma shekarata goma a Turai, na san Agusta. Na yi tambayar ne yadda za a ba ni amsar da nake so.

Da muka dawo Gorton na ce mata in Allah ya yarda baɗi da hunturu. Ta ce kar in damu, takalman ma sun fara matse ta. Washegari na gan su a bakin ƙofa, cikin ledar kayan sadaka.