Doña Nila, Mai Yi wa Kufai Sallama

Kafin in kunna mota, Doña Nila ta riga ta shanye kununta. Haka muka yi shekara ashirin da 'yan kai. Zan iso bakin kasuwar Oaxaca da sassafe cikin farar motar da nake ɗaukar masu yawon buɗe ido, in tarar da ita a kan bencin mai kunun masara, baƙar laimarta jingine da gwiwa, tana kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga gyalenta.

"Kompadre, ka makara."

"Komadre, agogonki ne ke gudu."

"Agogona lafiyarsa lau. Tumbinka ne ke danne ka a gado."

Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna da waɗannan sunaye, shi ya sa kuma take da lasisin zagina. Sunanta na yanka Petronila Quero, 'yar wani ƙauye ce a kwarin Tlacolula, aikinta zagayawa da baƙi. Ni ne Melitón, direbanta. A watan jiya ta ajiye aiki, babu biki, babu jawabi, ko hotonta ba a liƙa a ofis ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Hanyarmu ɗaya ce kullum. Mu kwashi baƙi daga masaukansu, mu hau dutsen Monte Albán inda kufan birnin kakanninmu yake, mu sauko cin abinci, mu biya tsohon cocin Cuilapan marar rufi, mu dawo gari kafin rana ta faɗi. Kowane mai zagayawa da baƙi ya san wannan hanya. Abin da ya raba Doña Nila da su, abin da take yi ne a bakin ƙofa.

Idan an yanki tikiti aka hau, akwai wurin da babban filin kufan ke buɗewa a gabanka gaba ɗaya. Nan take tsayawa. Ta rufe laima, ta ce maza su cire hula, sannan ta ɗaga murya ta yi magana da yaren Zapotec, yaren ƙauyensu. Murya ce mai kauri, irin wadda ke tsayar da kare a tsakiyar haushi. Ni kullum ina wurin, don ni ke ɗauko kwandon ruwan gora zuwa nan kafin in koma mota in yi barcina.

Ranar farko na tambaye ta, "Doña, da wa kike magana?"

"Da masu gida."

"Masu gidan da suka mutu tun kafin Sifaniyawa su zo?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "To kai in ka mutu, sai a riƙa faɗa maka gida ba sallama?"

Ban iya yaren ba. Kakata ta iya, amma babana ya hana a yi mana shi, wai kada a raina mu a birni. Daga baya ne ta fassara mini abin da take cewa: "Masu gida, kun tashi lafiya? Jikokinku ne, mun zo da baƙi. Ba za mu ɗauki komai ba, ba za mu bar ƙazanta ba. Ku ba mu hanya." Shi ke nan. Ni kuwa na mayar da abin wasa. Duk safiya in ta gama sai in ce, "Komadre, sun amsa?" Ta ce, "Sun amsa. Sun ce direban ya rage ci."

Kada ku ɗauka al'ada ce kawai ta burge baƙi. Ku tambayi Don Hilarión, tsohon da ke sayar da malafa a bakin ƙofa, zai ba ku labarin wani dogon baƙo da ya tsinci gutsuren tukunya a cikin kufan ya jefa aljihu. Ta gani sarai. Sai da kowa ya shiga mota ta tsaya a ƙofar motar.

"Kompadre, kashe motar. Akwai wanda ya mayar da ni maƙaryaciya yau. Na ce wa masu gida ba za mu ɗauki komai ba."

Na kashe. Rana tana dukan rufin mota, gumi yana zuba, ba wanda ya yi motsi. Can sai dogon ya miƙe, fuska ja wur kamar tumatir. Na zaci za ta wanke shi tas a gaban mutane. Ina! Laimarta ta buɗe, ta miƙa hannu sama iya tsawonta tana yi masa inuwa, suka koma tare ya ajiye abin inda ya ɗauka. Da suka dawo dariya suke yi. Wurin cin abinci ita ta koya masa cin soyayyiyar fara da barkono da lemun tsami, har ya nemi ƙari.

A Cuilapan ma takan yi sallamar. Wata rana wani matashi ɗan babban birni, mai zafin kai, ya tare ta.

"Doña, a kan dutse na gane. Amma nan? Sifaniyawan da suka rusa mu ne suka gina wannan."

Ta kama hannunsa ta ɗora a jikin bango. "Ɗana, fada, limamin coci, ya ce a gina, gaskiya ne. Amma ka taɓa ganin fada da dutse a gadon baya? Bayan kakanka ne ya ɗauko wannan. Ka yi fushi da mai umarni in ka ga dama, amma ka gaida mai dako."

Yaron ya ƙura wa bangon ido. Da muka zo tafiya sai da na danna masa oda, yana can hannunsa a bango.

Ke ce wadda ba ta taɓa barin tsoho a baya ba, Doña Nila. In akwai mai sanda a cikin baƙi, tafiyarsa ce tafiyar kowa, masu sauri su yi ta huci. Ke ce kika san sunan kowace mai sayar da tsaraba a kan dutsen nan, da sunan 'ya'yanta, da wanda ba shi da lafiya a cikinsu. Kuma ke ce kika sa ni asarar mai a shekarar annoba, lokacin da aka garƙame wurin, babu baƙo ko ɗaya a gari. Kika aiko a ce in zo da mota. Muka hau mu biyu, kujeru wayam a bayanmu, kika tsaya a bakin rufaffiyar ƙofa da takunkumi a fuska kika yi sallamarki. Na ce, "Komadre, ai ba shiga za mu yi ba." Kika ce, "Na sani. Kada su ce mun daina zuwa ne don kasuwa ta mutu." Ranar ban tambaya ko sun amsa ba.

Bara muryar ta fara dushewa. Muka ce mura ce. Ta sha zuma, ta sha ganye, matata ta dafa mata duk abin da aka ce yana buɗe maƙogwaro. Ƙarshe likita ya ce ƙari ne, dole a cire, kuma in an cire muryar ba za ta dawo ba. Ta faɗa mini a mota muna komawa gida, bayan mun sauke baƙi. Wuƙar likita ba ta dame ta ba.

"Wa zai yi musu sallama, kompadre?"

Ta gwada matasan da ke aikin yanzu, masu lasifika a wuya. Yara ne masu kirki, sun san tarihi, sun iya harsunan baƙi. Ɗaya ta ce kunya take ji, kada a yi mata dariya. Ɗaya ya ce ba a koya musu wannan ba. 'Ya'yanta biyu suna can ƙetaren iyaka suna aiki, kuma ba su iya yaren ba.

"A makaranta bulala na sha saboda shi," in ji ta. "Na ce nawa ba za su sha ba. To ga shi."

Ni ko tambayata ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa abu ba'a, wa zai ba shi ajiyarsa?

Ranar aikinta ta ƙarshe Asabar ce, Litinin za a kwantar da ita a asibiti. Motar cike take da baƙi waɗanda ba su san komai ba. Amma mutanen bakin ƙofa sun sani. Don Hilarión ya bar malafunsa ya biyo mu, mata masu tsaraba su ma suka biyo daga nesa. A hanya ta yi ta lallaɓa muryar, ba ta ko zage ni ba, abin da ya fi komai tayar mini da hankali.

Muka isa wurin. Ta rufe laima. Ta yi wa maza alama da hannu suka cire hula. Ta buɗe baki, sai iska kawai ta fito. Ta yi gyaran murya, ta dafe wuya, ta sake gwadawa. Babu. Baƙi suka fara duban juna, wani ya duba agogo. Na ga kafaɗunta sun sauka, na ga hawaye ya gangaro mata, matar da ban taɓa ganin kukanta ba ko ranar da aka binne mijinta. Filin yana gabanmu a buɗe, ita kuma ta kasa ɗaga ƙafa, don a ranta ba za ta shigar wa mutane gida da baƙi ba sallama ba, ko da ranar ƙarshe ce.

Ban san lokacin da na dire kwandon ruwa ba. Na cire hulata, na buɗe wannan bakin nawa, sai ga kalmomin suna fitowa. Ashe sun zauna mini kamar waƙar rediyo da ba ka taɓa niyyar haddacewa ba. Na faɗe su a karkace, na san a karkace suke, don a tsakiya na ji tsinin laima a idon sawuna. Sai Don Hilarión ya ɗauka daga bayana ya faɗi daidai, matan suka kama, har mai duba tikiti na ji muryarsa. Muka kai ƙarshe tare, da ƙarfi: ku ba mu hanya.

Doña Nila ta share fuska da gefen gyale. Ni ma idona ya cika, don haka na yi abin da na saba.

"Komadre, sun amsa?"

Ta jawo kunnena kusa da bakinta, ta ce cikin raɗa, "Sun ce muryar jaki ce. Amma a shigo."

An yi aikin lafiya, mun gode Allah. Tana ƙauye yanzu wajen ƙanwarta, tana kiwon kaji, tana ba da umarni da laima. Ran Lahadi nakan je da burodi in zauna a gabanta in maimaita sallamar, in na yi kuskure ta buga tebur. Teburin yana shan wahala. Sauran ranaku kuwa, kowane yaro aka haɗa ni da shi ya san sai ya jira ni a bakin filin. Ɗayar da ta ce kunya take ji, na lura ta fara motsa leɓe.

Na gode, mai baƙar laima. Na gode da zagin safe, da inuwar da kika yi wa mai laifi, da yaren kakata da kika mayar mini a baki ba tare da kin sani ba. Ku kuma da kuke karanta wannan, in kuna da tsohuwa a gida mai wasu kalmomi da kuke yi wa dariya, ku matsa kusa ku saurara tun muryarta tana fita. In kun hau dutsen nan, ku cire hula.

Makon jiya na roƙi Don Hilarión ya koya mini wata 'yar magana guda, na ƙara ta a ƙarshen sallamar. Ban faɗa miki ba, komadre, don na san za ki ce na yi karambani. Yanzu duk safiya, in na ce ku ba mu hanya, sai in ƙara da cewa, "Petronila ce ta aiko ni."