Mai koyon Rashanci a tashar mota

Inna tana zaune a bakin ƙofar mota tana jan carbi, amma idonta na kan wata mata mai fararen kayan asibiti. Matar za ta kai shekara arba'in, dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe guda, tana riƙe da 'yan katuna da aka ɗaure da roba. Takan taka har bakin tasha ta furta wata kalma, ta juyo ta furta wata. Sai ta ɗora ƙafa a matakalar mota, ta sauke, ta dafe goshi.

Inna ta rasa gane kanta. Mai neman abin da ya faɗi ai ƙasa yake duba. Ko kwanan asibiti ne ya taɓa ta?

"'Yar nan, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Inna. Rashanci nake koyo. Mutanen nan, tafiyar ƙafa da kalmarta, ta mota da tata, in za ki je ki dawo ma wata ce daban. In ban taka ba, ba ya zama a kaina. Ƙarfe biyu ne jarrabawar, in na faɗi gurbin ƙaro karatu a ƙasarsu ya wuce ni."

"Ikon Allah! Su da wannan suke zuwa kasuwa?"

Direba ya danna ham. Matar ta tsaya, ƙafa ɗaya a matakala, leɓenta na motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Inna ta kamo wuyan hannunta.

"Shigo, 'yar nan. Ta motar kya tuna a cikin mota."