Wankin Hoton Inna a Rumbu

Pelikil guda ce, wato fim ɗin kyamara irin na da, ta sa na koyi wankin hoto da furfura a kaina. Inna ce a ciki, mahaifiyata, na ɗauke ta a shekarar da ta rasu, kuma ba ta da wani hoto a duniya. Ni ne ɗan farinta. A wajenmu, can gefen Ibohamane, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Na girma, na koyar a lakwal, makarantar boko, har ƙarfi ya ƙare, amma gefen fuskarta kawai na sani. Ranar ɗaukar ma kunya ta hana ni leƙa na'urar sosai, ina sunkuye nake danna maɓallin.

Na kai pelikil ɗin Keita, na kai ta Madawa. Wani mai shagon hoto ya jujjuya ta yana dariya, ya ce, "Baba, wa ke wanke wannan yanzu? Ai sai portabul, wayar hannu." Raina ya ɓaci, na karɓe abata. Daga baya wani tsohon ɗalibina ya aiko mini da magungunan wanki daga Yamai, da gwangwani mai murfi, da pelikil kaɗan na gwaji.

Sai neman duhu. Ɗakina ko'ina huda ce, rana na shigowa yadda ta ga dama. Rumbun ƙasa na samu, wanda ba gero a ciki tun da ƙannena suka tahi Abijan suka bar ni da gida. Ta sama nake shiga, in ja murfi, in zauna cikin ƙaiƙayi ina lalube, ina naɗa pelikil da hannuwa masu zufa. Maƙwabta suka ce malam ya koma tsafin kakanni. Amma ba wanda ya zo ya tambaye ni.

Da hotunan awaki na fara. Na farko ya lalace, don ruwan bido, wato jarka, na zuba, wanda ya wuni a rana, hoton ya saɓule kamar ɓawon dafaffen tumatir. Daga nan na gane sai ruwan randa, da safe, kafin zafi ya taso. Ranar da akuya ta fito ras, har da gemunta, na riƙe abin na zagaya tsakar gida, ban samu wanda zan nuna wa ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Hannu ya faɗa, amma ta Inna na kasa taɓawa. Muddin ba a wanke ba, ina da ita. In ta saɓule, shi ke nan. Haka na yi ta ja har lokacin sanyi, sannan wata safiya na yi bisimilla na shiga rumbu.

Da na ɗauraye, na ɗaga ta sama wajen haske tana ɗigar ruwa. Hoton farko mayafi ne da kunne. Na biyu ma haka, ta kau da kai. Na bi su ɗaya ɗaya har na zo kan wani a tsakiya. A nan ta juyo. Ta ga kaina a ƙasa, sai ta saki fuska tana kallona, ido cikin ido, har da ɗan murmushi. Ashe haka take yi in na sunkuya.

Na zauna a gindin rumbun, wannan karon ni ma na kalle ta, har pelikil ɗin ta bushe a hannuna.